Marigayi Injiniya Yana Rubutu a Shafin Ƙungiya

A duk rigingimun da Tafireta ta yi a ofishin ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙa, guda ɗaya ce aka kayar da ita, kuma fanka ce ta kayar da ita.

Ranar da aka kawo kwamfuta ofishin, hawa teburinta ta yi ta zauna, ta rungume tsohuwar na'urar buga takardunta kamar uwar da aka zo yi wa ɗanta allura. Ta ce duk mai son ɗaga teburin nan sai dai ya ɗaga da ita. Ta ce wannan abin da suka kinkimo talabijin ce kawai da ta yi girman kai. Ciyaman ya lallashe ta, ta wanke shi tas. Ma'aji ya yi mata barazana, ta tuna masa ranar da ya yi barci a kan ɗaurin yadi har aka kusa loda shi a mota. Dama bakin ne ya jawo mata sunan. Tun tana akawu a masaƙa haka take magana, tak-tak-tak, sai ta kai ƙarshen layi ta ja numfashi ta dawo farko.

Mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya ko da yake wayoyin wuta kawai ya gyara a rayuwarsa, bai tanka ba. Wani tebur ya jawo kusa da bango, ya ɗora kwamfutar, sannan ya ɗauki fanka ɗaya tilo da ofishin ya mallaka ya juya fuskarta wajen sabuwar baƙuwar.

"Malam, fankar fa?"

"Na'ura ba ta son zafi."

"Ni kuma da dutse aka yi ni?"

"Ke kina da ƙafa. Ita ba ta da."

Rufin ofishin na kwano ne, taga ɗaya ce, ita ma tana kallon bangon makwabta. Tafireta ta yi zufa har mayafinta ya manne a bayanta. Kafin rana ta karkata sai ga ta ta jawo kujera gaban kwamfuta, wai don ta ga ƙaryar da ke cikin abin da idonta. Ba ta sake komawa tsohon teburin ba.

Haka aurensu yake tun farko. Ita ta yi ta zuba, shi ya ce "to", a ƙarshe a yi abin da ya ga dama. Sun haɗu a masaƙa, sun yi ritaya tare lokacin da aka rufe ta, sun aurar da 'ya'yansu, suka rage su biyu a gida da rediyon da kullum cikinta a buɗe yake yana gyarawa. Da aka kafa ƙungiya, ita ta zama sakatariya, shi kuma ya zama mai gyaran duk abin da ke da waya a jikinsa.

Shi ya haɗa wa ƙungiyar shafin intanet. Ya samo wata tsohuwar manhaja ta kula da shafi, ya yi ta kallon bidiyo yana murza gemu har ya tayar da abin. Manhajar ƙofa ɗaya gare ta da makulli ɗaya. Da ta tambaye shi sunan mai shiga, ya rubuta "Injiniya", don ba mutum ne mai dogon tunani a kan suna ba. Kalmar sirrin kuma ya ba matarsa, ya ba Ciyaman, ya ba Ma'aji, su kuma suka ba jikokinsu da ke taya su latsa waya. Sirrin da ya kai haka yawo, ko tallan gishiri bai kai shi ba. Duk wanda ya shiga ya yi rubutu, a ƙasa sai manhajar ta sa: "Wanda ya rubuta: Injiniya."

Ba wanda abin ya dama. Me ake rubutawa a shafin tsofaffi? Ranar taro, labarin fansho, wane yana asibiti, wane an sallame shi, wane kuma an sallame shi gaba ɗaya. Wannan na ƙarshen shi ya fi yawa.

Injiniya ya rasu wata safiya yana zaune a kujerarsa, sukurudireba a hannu, shayinsa bai ma huce ba. Tafireta ta yi masa magana daga kicin, ta yi, ta yi, ba ta ji amsa ba, kuma ba ta ga abin mamaki a ciki ba, don rashin amsa ba sabon abu ba ne a gidan. Sai da ta fito.

Ita ce sakatariya, don haka ita ta rubuta sanarwar. Ta zauna da wayarta a tsakiyar masu kuka ta buga ta tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Sanarwar ta fito a shafi: Allah ya yi wa Injiniya rasuwa yau da safe. Wanda ya rubuta: Injiniya.

Wani tsoho daga sashen rini ya kira ta a waya yana tambaya ko da gaske ne, ko kuwa gwada shafin yake yi.

"Da gaske ne," in ji ta.

"To wa ya rubuta?"

"Ni."

Ya tsaya yana jiran sauran, don bai taɓa jin Tafireta ta tsaya a kalma ɗaya ba. Sauran bai zo ba.

Bai zo ba har bayan da masu gaisuwa suka watse. Ba ta yi kukan da mata ke zuwa kallo ba, ba ta faɗi ba, ba ta rame sosai ba. Shiru kawai ta yi. Abinci ya koma mata kamar takarda, tana ci don an zuba. Autarta, mai aikin jinya a wani gari, ta ce ta tattara ta koma wajenta. Ta ce "to", ba ta tattara ba. Makwabta suka ce ta yi haƙuri irin na manya. Ba haƙuri ba ne. Wanda aka yi wa allurar kashe zafi aka cire masa haƙori ba jarumi ba ne, bakinsa ne bai dawo ba tukuna.

Kullum da safe takan buɗe ofis, ta share, ta goge ƙura, ta zauna gaban kwamfuta. Ta buga sunan, ta buga kalmar sirri. Sai rubutu ya fito a sama: "Barka da zuwa, Injiniya." Takan zauna ta zuba masa ido. Ba daɗi take ji ba, ba kuma ciwo ba. Kamar dai yadda harshe ke komawa gurbin haƙorin nan yana taɓawa. A duk yininta, nan ne kaɗai wurin da take jin akwai wani abu da ake taɓawa.

Su kuwa mazan ƙungiya, ba su daɗe ba suka gano garaɓasar da ta faɗo musu. Ciyaman ne ya fara. Fansho ya yi jinkiri, ya shiga shafi ya rubuta wa masu biya magana mai zafi, irin wadda ko a mafarki ba zai faɗa a gabansu ba. Da aka kira shi daga can ana tambayar wanda ya rubuta, ya ce ai ga suna nan a ƙasa, sai dai mutumin ya riga mu gidan gaskiya. Ma'aji ya ga haka, shi ma ya shiga ya rubuta cewa wasu shugabanni sun mayar da taro wurin ba da tarihin ƙuruciyarsu. Ciyaman ya mayar da martani. Sai ga marigayi yana faɗa da kansa a bainar jama'a, da safe ya zagi Ciyaman, da yamma ya kare shi. Mutumin da da ransa ba ya haɗa jimla biyu, yanzu har sakin layi yake yi.

Tafireta tana ganin rubuce-rubucen suna fitowa. Ba ta karantawa. Sunan take dubawa, da kwanan watan da ke gefensa, sabo fil, na jiya ko na yau. Sai ta rufe.

Ana haka ɓarayin intanet suka shigo. Wata safiya aka tashi, maimakon hoton tsohuwar ƙofar masaƙa da ke saman shafi, sai ga tallan maganin ƙarfin maza, da jan rubutu yana walƙiya. Wayar ofis ba ta huta ba ranar. Rabin masu kira suna cewa an ci mutuncin ƙungiya, ɗaya rabin suna tambaya, cikin ƙasa da murya, ko ana kawowa har gida. Kamfanin da ke ajiye musu shafin ya cire tallan, ya kuma aiko musu cewa waɗanda suka ƙera manhajar sun daɗe da daina gyara ta. Ko su canza, ko su san yadda za su yi.

Ciyaman yana da suruka, matar babban ɗansa, wadda sana'arta ke nan, haɗa wa makarantu da kantuna shafuka. Mace ce mai sauri, mai tabarau, ba ta ɓata magana. Ta zo ofis ta durƙusa ta gaida surukinta, ta miƙe ta fara yi masa tambayoyi kamar likita. Wa ke rubutu? Sau nawa? Da waya ko da kwamfuta? Idan abu ya lalace, wa ake kira?

Ciyaman ya ce, "Injiniya."

Surukar ta gyara tabarau ta ci gaba.

Ta ce akwai manhajar da rabin duniya ke amfani da ita, kyauta ce, da sauƙin koyo, kuma duk garin da ka je za ka sami wanda ya iya gyara ta. Aibinta ɗaya, tana son kulawa, sai ana sabunta ta a kai a kai, in ba haka ba masu maganin nan za su dawo. Akwai wata kuma ta haya, kamar ɗakin otal, su share su gyara, amma ba ka isa ka matsar da ko ƙusa ba, kuma ranar da ka so tashi da kayanka za ka gane kurenka. Ma'aji ya ce shi ya ji labarin wata babba da jami'o'i ke amfani da ita, ita yake so.

"Baba Ma'aji, wannan tirela ce," in ji ta. "Ku burodi za ku sayo a bakin layi."

"Tsohuwar fa?" Ciyaman ya tambaya. "Ba a iya toshe ramin?"

"Ana iyawa, Baba. Za ta ɗan ja. Amma ba na ba da shawara." Ta juya wajen Tafireta. "Mama ce za ta zauna da abin kullum. Ita ya kamata ta zaɓa."

Ta buɗe mata na gwaji a kwamfuta, ta bar ta da su kwana biyu. Tafireta ta gwada, don ba ta iya barin aiki ba a yi ba. Ta kyautar ta fi kwanta mata a hannu. Hoto yana shiga ba sai an yi masa addu'a ba, rubutu yana fitowa manya a waya, yadda masu yanar ido za su gani. Da surukar ta dawo, tambaya ɗaya ta yi mata.

"'Yata, sunan fa?"

"Duk abin da ya rubuta zan kwaso shi da sunansa a ƙasa, Mama, ko harafi ba zai ɓata ba. Amma sabon rubutu, kowa da sunansa, kowa da makullinsa. Ba zan sake yin makulli ɗaya na gayya ba. Ta nan aka shigo muku."

"In na buɗe da safe, wa za ta gaisar?"

"Ke."

Tafireta ta kalli gilashin kwamfutar. Ta ce, "A toshe tsohuwar."

Surukar ta kalli fuskar matar, ta ɗauki jakarta. Ciyaman kuwa har da tafa hannu. Ya ce a kawo maganar taron wata a amince, a wuce wurin.

Ana saura kwana kaɗan taron, tsohon maigadin masaƙa ya zo ofis. Dogo ne, ya ranƙwafa, idanunsa sun yi fari. Shekara da shekaru shi da Injiniya suke cin abincin rana a benci ɗaya a bakin ƙofa, ba mai ce wa wani komai, kuma a wajensu hira ke nan. Ya laluba kujera ya zauna, ya jingina sandarsa, ya gaishe ta, ya yi mata ya haƙuri.

"Uwargida, tambaya na zo yi. 'Yata ce ta karanta mini wani abu a waya."

"Ina ji."

"Wai masu gadi ba ma'aikatan masaƙa ba ne. Wai zaman ƙofa muka yi, ba mu taɓa zare ba, bai kamata a ba mu ƙuri'a a ƙungiya ba. Ta ce sunan mutumina ne a ƙasa." Ya murza kan sandarsa. "Na san ya tafi. Na ce ko ajiyewa ya yi, ya ce a fitar bayan ransa. Ba faɗa na zo yi ba. So nake in sani ko tun muna zama a bencin nan haka yake ganina."

"Ba shi ba ne."

"An ce sunansa ne."

"Sunansa ne. Ba shi ba ne."

Ta yi ƙoƙarin yi masa bayanin ƙofa ɗaya da makulli ɗaya. Ya saurara da ladabi, yana gyaɗa kai, irin gyaɗawar wanda ya san ana rufa wa mamaci asiri ne. Ya yi godiya, ya laluba sandarsa, ya fita. Ta bi shi da ido har ya sha kwana, yana taɓa bango da hannu ɗaya.

Ta koma ta zauna. Ta buga sunan, ta buga kalmar. Aka yi wa Injiniya barka da zuwa. Wannan karon ta gangara ƙasa, ta fara karantawa daga ranar sanarwar. Ta ga mijinta yana kiran wani ɓarawo. Ta ga yana yi wa matar wani habaici a kan gwala-gwalai. Ta ga yana alfahari da aikin da bai taɓa yi ba, da kuskuren rubutu irin na Ma'aji, wanda har yau bai san inda ake sa waƙafi ba. Na masu gadin kuwa, ko ba a gaya mata ba ta san Ciyaman ne, don zaɓe ya kusa kuma masu gadi ba sa yinsa.

Ba ta yi kuka ba. Ta kashe kwamfuta, ta kulle ofis, ta tsaya a hanya ta sayi sabulu, don sabulu ya ƙare.

Ranar taro ɗakin ya cika da tari da ƙarar kujerun roba. Surukar tana gefe da jakarta a cinya. Maigadi yana can baya kusa da ƙofa, inda ya saba zama duk rayuwarsa. Ciyaman ya yi gyaran murya ya ce magana ta farko mai sauƙi ce, sakatariya ta riga ta zaɓa, za a toshe tsohuwar manhaja a ci gaba da ita.

"Na canza," in ji Tafireta.

Ta faɗa a zaune, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta kyautar nan za a ɗauka, ita za ta koyi sabunta ta, in ta kasa ga surukar Ciyaman nan a kira. Kowa da sunansa da makullinsa. Abin da Injiniya ya rubuta da ransa a bar masa sunansa. Abin da aka rubuta daga ranar da ya rasu zuwa yau, a cire sunansa, a bar wurin fili, mai kaya ya zo ya sa nasa. Sanarwar rasuwar ita ta rubuta, a sa nata.

Sai ɗaki ya kaure. Ma'aji ya miƙe ya ce wannan tonon asiri ne, kuma tun da aka kafa ƙungiya ranar ce ta farko da ya goyi bayan Ciyaman. Wani ya ce idan kowa zai sa sunansa, wa zai ƙara faɗa wa masu fansho gaskiya? Wani ya ce shi ko sunan jikokinsa mantawa yake, balle kalmar sirri. Na sashen rini ya ce shi dai a gaya masa ko za a daina tallan nan gaba ɗaya ne. Surukar ta yi ƙoƙarin cewa tsohuwar manhajar ko an toshe ta ba za ta kai baɗi ba, amma ba a katse manya a gaban suruki, ta haɗiye sauran.

Ciyaman ya ɗaga hannu aka lafa. Ya sassauta murya, ya sa fuskar ta'aziyya, wadda ya ƙware a kanta saboda yawan amfani.

"Haba matarmu. Wannan shafi aikin hannun ɗan'uwanmu ne. Mu da muke abokansa mun ce a bar sunansa yana fitowa, a riƙa tunawa da shi. Ke da kika zauna da shi, ke ce za ki rufe masa baki? Injiniya fa shi ne muryar ƙungiyar nan."

Aka yi ta "gaskiya ne, gaskiya ne". Tafireta ta rufe littafin taro, ta ɗora biro a kai. Ta kalli Ciyaman, ta kalli Ma'aji, kallon da take yi wa takardar da za a sake bugawa daga farko.

"Ciyaman, duk tarukan da aka yi a ɗakin nan da ransa, ban da 'to' me ka taɓa ji daga bakinsa? Sai da aka binne shi ya koyi zagi? Kowannenku ya zo ya ɗauke nasa bakin daga kan mamaci ya mayar a fuskarsa. Mijina ya tashi daga aiki."